Durowa Mai Ƙoƙon Kai

Da na san abin da zai faru, da na bar Mama a gida tana kallon talabijin ɗin da ba ta jin yarensa. Amma tun zuwanta ƙasar Turawan nan daga Damagaram ba ta san ko'ina ba sai shagon kayan miya na High Point Road, shi ya sa na ce bari in kai ta tsohon kantin maganin nan da aka mayar gidan tarihi. Ai 'yar mai magani ce, a gefen tabarmar saiwoyin babanta ta girma. 'Yata Anissa na baro ta wurin babanta, tari ya hana ta sakat.

Mai zagayawa da mu wani dattijo ne, Bernard, sanye da kayan mutanen da. Yana nuna mini wuƙaƙen tsaga ina gyaɗa kai, ko da na waiwaya babu Mama. Can na hango ta, ta tsallake igiyar da aka gitta, tana tsaye gaban durowoyin katako, bakinta yana motsi. Durowa ɗaya a buɗe take. A jikinta an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, alamar guba.

Na san halin uwata, ba ta yarda da magani sai ta ɗora shi a harshe.

"Mama, tofar! Don Allah tofar!"

"Ke Zahara, lafiyarki? A gaban mutane za ki yi mini ihu?"

Bernard ya leƙa durowar, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce saiwar da ke cikinta ta gaske ce, ɗan guntunta ma yana iya tsayar da zuciya. Ya ruga neman waya. Ni kuwa na ajiye kunya, na cafke haɓar matar da ta haife ni, na zura yatsa a bakinta. Ina kuka ina salati.

Abin da ya fito ja ne, a tattaune. Goro ne.

"Goron nawa ma sai lokotoron asibiti ya sa hannu a ƙasar nan?" in ji ta, tana goge baki.

Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta zo mini tare da hawaye, ga haushi kamar in fashe. Na ba Bernard haƙuri, na ce ya ajiye wayar, na ja hannunta muka fice.

A mota, ina ɗaura mata bel, sai na ga ƙulli a gefen gyalenta. Na kwance shi. Wata baƙar saiwa ta faɗo a tafin hannuna.

"Kar ki yar mini," in ji Mama. "Irin ta Baba ce sak, ta tari. Kuma ba sata na yi ba, na ajiye musu goro a madadinta. Da mun isa gida zan jiƙa wa Anissa."