Kofunan Geeske

Tun da ciwon mantuwa ya kama Geeske, abu ɗaya ya rage mata na mijinta: ƙugin motarsa. Fuskar Wiebe ta ɓace mata, muryarsa ma haka. Amma da zarar tsohuwar tirelar dankalin da yake tuƙawa ta shawo kwanar gidansu tana gurnani, sai kofunan da ke cikin kabad ɗin kicin su fara rawa suna gugar juna. Ita kuwa sai ta miƙe ta gyara gashinta, ta nufi ƙofa.

"Wiebe! Cire min takalman nan a waje, ni ba baiwarka ba ce."

Wannan faɗan shi ne abincin ransa. Duk nisan hanya, shi yake ɗokin zuwa ya tarar.

Sai doka ta zo, aka hana manyan motoci masu hayaƙi shiga birane. Ba wanda zai ce dokar ba ta da gaskiya. Shi kansa Wiebe kullum da tari yake tashi, kuma ya san inda ya samo shi. Kamfaninsu ya tattara tsofaffin motoci, masu sauran ƙwari aka tura su ƙasashen waje, tasa kuwa ta tsufa tukuf, sai 'yan gwangwan. Ya bi ta har can, ya tsaya da hula a hannu yana kallo aka yanka ta gunduwa-gunduwa.

Aka ba shi sabuwa fara tas, mai aiki da lantarki. Ba hayaƙi, ba wari, ba ƙara, tafiya take kamar kyanwa.

Ranar farko ya ajiye ta a tsakar gida, ya shiga kicin. Geeske ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, wa kake nema? Maigidan ba ya nan, yana hanya."

Ƙanwarsa Aaltje, wadda ke zama da Geeske da rana, ta yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Kai ma dai, Yaya, ka faɗo wa mutane kamar ɓarawo. Ko tarin naka ai ka yi."

Ba abin da bai gwada ba. Ya samo ƙarar irin injin a waya, ya kunna a bakin ƙofa. Geeske ko kallon wayar ba ta yi ba, kabad ɗin ta zuba wa ido. Kofuna shiru. Ta ce, "Ba shi ba ne." Wata rana har laɓewa ya yi yana jijjiga kabad ɗin da kafaɗa, Aaltje ta kama shi.

"Tsofai-tsofai da kai kana kokawa da katako? Bari, kar ka fasa mata kaya."

Haka ya zama baƙo a gidansa. Ba ta taɓa korarsa ba. Takan zuba masa gahawa a kofin baƙi, ta tambaye shi ko ya san mijinta. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo, kuma shi ne yake cin sa a rai.

Wata Lahadi da yamma hazo ya taso daga teku ya rufe gonakin yankinsu na Groningen, har ba a ganin bakin titi. Aaltje ta tafi gida. Wiebe yana zaune a kujerarsa ta jikin taga, Geeske tana ninke tsumma ɗaya tana warwarewa.

Kofi ɗaya ya yi ƙara. Sai na kusa da shi.

Da farko ya ɗauka girgizar ƙasar nan ce da aka saba da ita a yankin. Amma girgizar ƙasa ba ta canza giyar mota. Kofunan suka yi rawa, suka ɗan tsaya, suka ci gaba a hankali, daidai yadda yake rage gudu a kwanar gidan. Har ɗan taka mai da yake yi kafin ya kashe inji, sai da suka yi. Tuƙinsa ne. 

Ya leƙa ta taga. Farar motar tana nan inda ya bar ta, a jiƙe da raɓa. Ba fitila, ba sawun taya, ba komai sai hazo. Amma warin man dizal ya cika kicin ɗin.

Geeske ta miƙe, fuskarta ta washe. Ta gyara gashinta, ta buɗe ƙofa, sanyi ya shigo.

"Wiebe! Takalma!"

Ta tsaya kamar mai jiran a cire su, sannan ta matsa gefe ta ba da hanya. Ta ɗauko kofinsa mai guntulallen hannu, wanda ta hana kowa taɓawa tun ranar da aka yanka motar, ta cika shi. Sai ta juyo ga mutumin da ke zaune.

"Bawan Allah, yi haƙuri. Kujerarsa ce."

Wiebe ya buɗe baki zai ce shi ne. Sai ya ga yadda idonta ke sheƙi, ya haɗiye maganar. Ya tashi ya koma jikin bango.

Ta ajiye kofin a gaban kujerar, ta zauna tana fuskantarta, tana ta faɗa kan laka da daɗewa a hanya. Duk bayan 'yan kalmomi sai ta ambaci sunansa. Shi kuwa yana tsaye a bayanta, yana amsawa a hankali yadda ba za ta ji ba.