Da Hannunka, Baba

Tun da matarsa ta rasu, tsohon tela ba shi da abokin hira sai magen da ta bari, 'Yar Gata. A kan keken ɗinkinsa take kwana. Babbar 'yarsa ta yi juyin duniya ya koma gidanta a sayar da nasa, ya ce sai dai da magen. Mijin 'yar kuwa ko gashin mage ya gani sai atishawa da kumburin ido. Magana ta tsaya nan.

Sai ƙuma ta kama 'Yar Gata. Susa ba dare ba rana, har gashin wuyanta ya zube. Tsoho ya yi mata wanka, ya taje ta, har maganin tsutsar ciki ya ba ta, duk a banza.

Ran nan 'yar ta shigo da fara'a, irin wadda rabon da a gani tun ranar bikinta. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ta ciro 'yar robar magani daga jaka, babu kwali.

"Baba, na ƙuma ne, mai ƙarfi. A ƙeya ake ɗiga shi."

"Miƙo min tabarau in ga abin da aka rubuta."

"Kai Baba, sai ka ce jarrabawa! Ɗiga kawai. Ni ba ta yarda da ni."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. Ya kira magen, ta hau cinyarsa da kanta, ta miƙa masa wuya. Ya ɗiga, ta lashi yatsansa.

Kafin yamma tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Ya naɗe ta a tsohon zanen matarsa, ya ɗauki robar maganin, ya ruga wurin likitan dabbobi. Likita ya juya robar, ya dube shi.

"Baba, wannan na kare ne. Guba ne ga mage. A jikin kwalin ma akwai hoton mage an soke shi da jan layi. Ba ku gani ba?"

A kan teburin likitan magen ta cika.

Da ya dawo, ya tarar 'yar tana ninke masa kaya a akwati.

"Allah sarki," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kada ka zargi kanka, tsufa ne, ido ya tafi. Ka ga abin da nake faɗa, zama kai kaɗai bai kamace ka ba."

"Ina kwalin?"

"Wane kwali kuma? Da hannunka fa ka ɗiga, Baba." Ta ja zif ɗin akwatin. "Gobe mai sayen gidan zai zo. Tun makon jiya muka sa rana."

Ya zauna a gaban keken. Yana so ya tsine mata, bakin ya ƙi, don 'yarsa ce. Zanen na kan cinyarsa, da sauran ɗumi. Ya ɗaga hannun dama yana kallo, har yanzu warin maganin bai bar yatsansa ba.