Nan Muke

Zuwansa na bakwai ke nan, har maigadin ofishin samar da ruwa a karkara ya daina tambayarsa wurin wa ya zo. Malam Na'Allah ya sauka daga keke napep ɗin da ya ɗauko shi daga unguwar Gidan Igwai, ya gyara hula, ya shige da takardarsa da ta yi laushi saboda yawan ninkewa.

Shi ne wakilin mutanen Gidan Jelani. Shekara huɗu suna roƙon burtsatse mai sola, bana aka sa sunansu, har an ce motar haƙa za ta tashi ranar Litinin. Sai dai ba cikin gari za ta haƙa ba. Tunga za ta, can bakin fadama, tafiyar sa'a guda daga gari, inda suke komawa da damina su yi noman shinkafa cikin bukkoki. Da an yi girbi kowa ya kwashe kayansa ya dawo gida, ba a barin ko kaza.

Yau ya yi sa'a, Injiniya Gazali yana nan. Bakano ne, dogo, idanunsa sun yi ja kamar wanda ya kwana kan hanya.

"Baba, kai ne kuma?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Batun wanga ruwa dai."

"Zauna. Wallahi ko a mafarki ina ganin hularka."

Gazali ya juyo da kwamfuta gabansa, ya nuna wani jan ɗigo a kan taswira.

"Ga inda ma'aikatanmu suka auna. A watan Agusta suka je. Suka tarar da mata na daka, yara na wasa, hayaƙi na tashi. Suka tambayi wani dattijo ko nan ne mazauninku, ya ce musu, 'Nan muke.' Ga shi a rubuce. To laifin wa?"

Na'Allah ya sunkuyar da kai. Ya san dattijon, don shi ne da kansa. Yana tsaye cikin taɓo har gwiwa ranar, baƙi suka tsaya da farar mota suka yi tambaya, ya amsa musu yadda kowane mutumin fadama zai amsa da damina. Da sun zo da rani, da cikin gari zai faɗa musu haka. Wata bakwai ke nan bai gaya wa kowa ba, har matarsa Karimatu, wadda ke fita da jarka tun asuba ba ta dawowa sai hantsi, don rijiyar gari ta ƙafe.

"Ranka shi daɗe, can muke da damina. Da damina kuwa mi za mu yi da burtsatse? Ruwa har cikin bukka shika iske mu."

Gazali ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ku Sakkwatawa! Gari guda, mazauni biyu. Fom ɗinmu layi ɗaya gare shi, Baba."

"To a goge a sake."

"In na goge, sunanku ya fita daga aikin bana. Sai a sake aunawa, a sake kaiwa sama, a jira sa hannu. Ƙauye tamanin ne a layi. Wata shekara biyu, in an yi sa'a."

Fankar sama ta tsaya, an ɗauke wuta. Babu wanda ya ɗaga kai.

Na'Allah ya tuna taron da aka yi a ƙofar maigari, da yadda aka ce shi ya iya magana da mutanen birni. Ya tuna wuyan Karimatu, wanda yanzu sai ta juyo da jiki duka in za ta dubi mutum.

"Ba wata dabara?"

Gazali ya daɗe yana murza goshi.

"Akwai abu ɗaya. Doka ta ba mai haƙa damar gusawa mita ɗari biyar daga ɗigon, in ƙasar wurin ba ta yi ba. Zan rubuta cewa ruwa na kwanciya a wurin."

"Ai gaskiya ce, shina kwanciya."

"To ka ga ban yi ƙarya ba. Ta wane ɓangare garin yake?"

"Gabas."

"Mita ɗari biyar gabas. Iyakar ƙarfina ke nan."

"Taki nawa ke nan?"

"A ƙafarka? Ka ce ɗari bakwai."

Na'Allah ya dangwala yatsa a tawada, ya danna inda aka nuna masa. Ya yi godiya, ya fita.

Bai tsayar da keke napep ba. Daga bakin ƙofar ofishin ya fara ƙirga taki, yana bin gefen kwalta cikin ranar Sakkwato, masu babur na yi masa oda. Ɗari biyu, ya wuce mai faci. Ɗari biyar, ya wuce masu suyar awara. A ɗari bakwai ya tsaya gindin wani dogonyaro, ya waiwaya. Yana hango rufin ofishin sarai, har da maigadin a kan bencinsa.

Ya ciro waya ya kira Karimatu.

"Malam, an dace?"

"Litinin za su zo. Tunga za su haƙa, amma an matso muna da ita kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Taki ɗari bakwai."

Yana jin kukan jaki a bayanta, da ƙarar jarkoki.

"Karimatu, dattijon da anka ce ya ce masu nan muke..."

"Na sani, Malam. Ina bayanka ranar, ina wankin tukunya." Ta sauke numfashi. "In ka biyo kasuwa ka sawo man gammo mai kauri, wanga ya mutu."

Ya ce to. Ya mayar da wayar aljihu, ya tsaya jiran keken da zai kai shi kasuwa.