In Ka Ɗauka, Ka Ajiye

Ni na kawo wasan nan gidan tsohon alƙali, saboda haka duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Gida ne da aka mayar wurin tarihi, ɗakuna bakwai da matakalar katako mai kuka in an taka, ni kuma nake zagayawa da baƙi. Da baƙin suka ɗauke ƙafa, sai na ɓoye gwangwanayen biskit uku: ɗaya a gindin katangar baya, ɗaya a bakin tsohuwar rijiya, ɗaya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Mai wasa zai bi taswirar wayarsa har ya gano gwangwani, ya karanta tarihin da na manna a murfin, ya rubuta laƙabinsa a ɗan littafin da ke ciki. Akwai tarkacen kyauta a ciki, kuma doka ɗaya ce: in ka ɗauki abu, ka ajiye wanda ya kai shi daraja.

Ranar Laraba da ƙarfe ɗaya na shiga ɗakin shari'a in goge gilashi, na tarar da akwatin hatimi wayam. Hatimin alƙalin ne na tagulla, bai kai ƙwan kaza ba, amma dominsa ake zuwa gidan. Ƙarfe uku kuma daraktan gidan zai kawo malaman makaranta su gan shi.

Mutum ɗaya ke riƙe da makullin: Kawu, yayan mahaifiyata. Shekara talatin da takwas yana kula da gidan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Darakta ya daɗe yana neman dalilin sallamarsa, wai ya tsufa. Yau zai samu, har da sunan ɓarawo a kai.

Na same shi yana sharar tsakar gida.

"Kawu, ina hatimi?"

"Yana cikin gwangwaninki," ya ce, bai ko ɗago ba.

Na ce, "Wane gwangwani, don Allah?"

Ya jingine tsintsiya, ya zaro wani hoto daga aljihun gaba. Da safe, in ji shi, ya fita da hatimin bayan gida don ya goge shi a haske, sai ya ce bari ya leƙa abin nan da nake ta surutu a kai. A ciki ya ga hoton: ma'aikatan gidan su shida a jere, a gefe wata mata riƙe da ludayi.

"Inna ce," ya ce. "Ina shekara biyar ta rasu. Ban taɓa sanin an ɗauke ta hoto ba."

Kakata ke nan, wadda ni ma ban taɓa gani ba. Tausayi ya kama ni, amma haushi ya fi shi ƙarfi.

"Shi ne za ka saka hatimin hukuma a gwangwanin biskit?"

"Ke kika ce a ajiye abin da ya kai shi daraja. Me ke jikina da ya kai? Na ce zuwa yamma in samo wani abu in musanya."

To, ka ji. Da bakina na daɓa wa cikina wuƙa.

Muka nufi katangar baya. Na buɗe gwangwanin: maɓalli, fensir, motar roba. Babu hatimi. A littafin, wani mai laƙabin Jikan Alƙali ya rubuta jiya cewa ya bar hoton ma'aikatan kakansa. Ƙarƙashinsa sabon rubutu: "Kurciya. Na ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kyau, zan kai shi gwangwani na gaba. Na bar fensir."

Fensir. Allah Ya shirya ki, Kurciya.

Biyu saura kwata muka fita. Na ce Kawu ya zauna, ya ce ƙafarsa ƙafata. Rijiyar tana bayan kasuwar 'yan katako, kuma gwiwarsa ba ta son sauri, ni kuwa ba na iya tafiya in bar shi. Muka iske gwangwanin a wurinsa. Kurciya ta sa hannu a littafin, amma ba ta bar komai ba. Saura na ƙarƙashin gada.

Biyu da minti ashirin wayata ta yi ƙara. Darakta ne, wai sun taso, a tabbatar an share ɗakin shari'a. Na ce an share, ranka ya daɗe. Kawu ya ji, ya ƙara sauri duk da gwiwar.

Muna hango gadar na ga wani mutum da matarsa a gabanmu, kowa ido a kan waya, suna juyawa hagu da dama. Masu wasa ne. In suka riga mu, hatimin zai shiga jaka ya bar gari. Ni na ɓoye abin, na san dutsen da yake ƙarƙashi, na tattare zanena na gangara ta cikin ƙaya. Na zauna daram a kan dutsen ina yi musu murmushi har suka gaji da ni suka matsa wancan gefen.

Na buɗe. Yana nan, a naɗe cikin takardar alewa.

Na cusa shi a jaka, na ce, "Kawu, mu tafi, uku saura ashirin."

Bai juya ba. Ya gangaro a hankali, ya durƙusa a gaban gwangwanin.

"Me kika ajiye?"

"Kawu, namu ne fa. Ba wanda ya gani."

"Kin ɗauka," ya ce.

Na lalube jakata: biro, tsinken gashi, rabin goro. Na miƙa masa biron. Ya dube shi, ya dube ni, kunya ta rufe ni.

Ya zaro hoton, ya goge fuskar matar da bakin hannun rigarsa, ya daɗe yana kallo. Na ce ya tsaya in ɗauka a waya, amma kafin in buɗe ta ya riga ya saka ya danne murfin. A littafin ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Ɗan mai girki. Na mayar."

Muka tari a-daidaita-sahu, uku saura biyar hatimin ya koma akwatinsa. Darakta ya yi wa malamai jawabi, har ya nuna Kawu ya ce irin waɗannan amintattu sun yi ƙaranci.

Ana tashi na koma gadar a guje. Mutumin nan da matarsa sun gano gwangwanin. Sun rubuta cewa sun ɗauki wani tsohon hoto, sun bar mabuɗin kwalba.