Kiran da Ta Ɗauka Gwaji Ne

'Yar Sanda abokan karatunta suke ce mata, don ko gaishe ta ka yi sai ta nemi dalili. Aikin ba masu damuwa shawara take koyo. A zangon ƙarshe aka fara zaunar da su a 'yan ƙananan ɗakuna, kowa da wayarsa, suna amsa kiran mutanen da ba sa gani.

Tun farko Malama ta gargaɗe su: wani kiran na gaske ne, wani kuwa ɗan wasan kwaikwayo ne da take ajiyewa a ɗakin ƙarshen baranda don ta auna su. Satin da ya wuce mutumin nan ya sa 'Yar Sanda kuka, sannan ya shigo aji yana kwaikwayon shesshekarta, aka yi ta dariya. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

Da hantsi wayarta ta yi ƙara. Namiji ne, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tun da aka rufe shagonsa barci ya ƙaurace masa, gani yake ya zame wa iyalinsa kaya.

Ta taɓe baki. Labarin ya cika tsari. Ta yi masa tambayoyin ƙa'ida, inda yake da wanda ke kusa da shi, amma kunnenta na can bayan muryarsa, tana farautar kukan tsohuwar fankar ɗakin ɗan wasan. Can kuwa ta ji wani ƙiiƙ-ƙiiƙ. Yauwa, ta kama shi!

"To, Malam, sai kuma me aka ce ka faɗa?"

Ya ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, na ɓata miki lokaci." Ya kashe.

Ta fito tana murmushi, ta tarar da Malama a bakin ofis.

"Malama, yau dai mutuminki bai same ni ba."

"Wane mutumin? Ai bai zo ba, matarsa ce ta haihu."

Gaban 'Yar Sanda ya faɗi. Malama ta wuce ta da sauri, ta ɗauki wayar ta kira lambar. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta sake kira, haka nan.

"Kin tambaye shi inda yake?"

"Na tambaya."

"To ina ya ce? Yi maza, mu tura a duba shi."

Ta buɗe baki. Ya faɗa mata, wallahi ya faɗa, har kwatance ya yi mata a hankali. Ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba.