Gashin Sulhu

Ranar da Maigidan zai tafi wajen birai neman sulhu, tun da hantsi ya aika aka kira masa wanzami. Na tuna masa cewa ko sati ba a yi da askinsa ba, me ya rage a kan nan da aska za ta ɗauka? Ya ce ni ban san shugabanci ba, wakilin jama'a ba ya zuwa gaban kowa da kai buzu-buzu. Na ci gaba da tankaɗen garina. Tun ina amarya na gane cewa in ya ce ban san abu ba, to shi ma bai gama saninsa ba.

Lawan mutane ke ce masa, yanzu kuma sun ƙara masa da Kansila. Kafin duniya ta watse direba ne a gidan wani Alhaji a nan unguwar Nassarawa ta Kano, ni kuma ina girki a gidan. Da babbar annobar nan ta zo, wuta ta ɗauke ɗaukewar da ba ta dawo ba, mai ya ƙare a gari, masu gidajen suka tsere, mu na ɗakunan baya muka rage: direbobi, masu gadi, kukuku, masu ban ruwan fulawa, da malaman makaranta irin su maƙwabciyata Dinatu, 'yar kudancin Zariya. Ba mu yar da komai namu ba. Muna da alƙali, Malam Nura, yana yi mana shari'a a gindin madaci, muna kuma zaɓe, kowa ya bi layi a bayan wanda yake so. Layin Maigidan ya fi na kowa tsawo ne don shi kaɗai ya iya gyaran famfo, amma shi yana ganin kwarjininsa ne ya ja mutane, ni kuma na bar shi a haka.

Su birai daga wani gidan bincike suka fito a bayan gari, inda aka yi ta gwada musu maganin ƙwaƙwalwa da aka so a yi wa mutane. Manya ne, baƙaƙe, masu hankali kamar ni da ku. Suna jin Hausa sarai, sai dai maƙogwaronsu ba ya fitar da ita, da hannu suke magana. Suka kama gidajen da ke da manyan bishiyoyi, har da gidan da ke da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da bazara. Da farko lafiya muke zaune, su buɗe mana famfo, mu kai musu gyaɗa da dafaffen rogo. Babbarsu wata tsohuwa ce mai furfura a haɓa, mata suka sa mata Tani don ranar Litinin ta fara leƙo mu ta kan katanga.

Abin ya ɓaci ne da sanyin da ya wuce. Itacen girki ya yi wuya, samarinmu suka shiga sare mangwarorin layin birai ba sallama. Birai suka yi jifa, wani a cikinmu ya harba bindigar adaka, ɗan autan Tani ya faɗo daga reshe bai tashi ba. Washegari suka rufe ƙyauren gidan rijiya. Muka koma shan ruwan kududdufi ta wajen Badawa, amai da gudawa ya shigo unguwa ya ɗauki mutane. Cikin waɗanda ya ɗauka har da 'yata ta fari.

Ban taɓa kiran sunanta ba. Haka aka tashe mu a ƙauyenmu na Jigawa, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in ina zancenta na ce "waccan". Ta girma ta zama budurwa a haka, ba ta taɓa nuna mini ta damu ba. Abu ɗaya ne yake haɗa jikina da nata, kitso. In kaina ya tsufa sai ta shimfiɗa tabarma ba tare da ta ce komai ba, in kwantar da kaina a cinyarta, ta yi ta yi a hankali, ni ma in ƙi cewa ta yi sauri. Kitson shuku ta yi mini kwana kaɗan kafin ta kwanta ciwo. Tun daga ranar ban tsefe shi ba. Ina wanke shi a hakansa, in ɗaure da ɗankwali. Ya tsufa ya cukurkuɗe, amma layukan da yatsunta suka ja suna nan, ina shafa su in ji su.

An binne ta a lambun gidan da ke bayanmu, inda muka yanka maƙabarta. Ba na shiga, amma in na hau turmi ina hango tudunta ta kan katanga, kusa da bishiyar gwaba. Da bazara ta kama, kududdufin ya fara komawa taɓo, aka yi taro aka yanke cewa in ba a shirya da birai ba kafin ruwan ya ƙare, duk unguwa za ta yi ƙaura, a bi ta Hotoro a nufi inda kogi yake. Kowa yana tunanin nisan tafiya, ni ina tunanin wa zai riƙa hawa turmin nan.

Shi ya sa na so tafiyar Maigidan ta yi kyau, har na goge masa babbar rigarsa da dutsen guga na gawayi. Ya tafi da Dinatu a matsayin tafinta, don ta taɓa koyar da yara kurame, maganar hannu ba ta yi mata wuya. Kafin azahar sai ga su sun dawo, rigar duk dabbaren ruɓaɓɓen mangwaro. Ya shige ɗaki. Dinatu ce ta zauna a kan turmina ta ba ni labari, tana danne dariya da bakin mayafi.

Ta ce birai sun karɓe su da mutunci, suka zaunar da shi a ƙasa. Ya gyara murya zai fara jawabin da ya yi ta haddacewa, sai Tani ta miƙa hannu ta cire masa hula. Ta daɗe tana kallon kan nan yana ƙyalli a rana. Ta shafa gaba, ta shafa ƙeya, sannan ta ajiye hular ta juya masa baya, sauran duka suka juya, ƙananan kuma suka rako su da mangwaro. Sai a bakin ƙofa wata birinya ta yi wa Dinatu bayani. Su a wajensu ba a sulhu da baki. Wanda ya zo neman shiri zama yake ya ba da kansa, wanda aka ɓata wa ya bi gashinsa sili-sili da yatsu har zuciyarsa ta sauka, sannan a yi musanya. Mutumin da ya aske kansa tas ya zo, ce musu ya yi bai kawo musu abin taɓawa ba. Sun ɗauka da gangan ya yi.

Aka sake taro a gindin madaci, aka amince Kansila ya daina aski har gashi ya taru. Nan fa asiri ya tonu. Aka yi ta jira, gefen kunne ya yi baƙi, ƙeya ta ɗan tsiro, amma tsakiyar kan nan ko sili ɗaya. Ashe askin duk Juma'a da yake yi shekara da shekaru ba tsabar tsafta ba ce, sanƙo yake ɓoyewa. Ni na daɗe da sani, matar da ke wanke hula ba abin da ba ta gani, amma ban taɓa faɗa ba. Ya shafa man kaɗe, ya shafa ruwan albasa har ɗakin ya ƙi shiguwa, ya daina cire hula ko a gabana. In ya juya baya in yi dariyata, in ya juyo in ce masa kamar na ga wani abu ya fara fitowa. Tausayi ya ba ni ƙwarai, don ba kunyar sanƙon ce kawai ke cinsa ba, gani yake shi ne zai sa mutane su rasa gidajensu.

Aka tura wa Tani samari masu suma, ta kore su. Ta ce ba ta son kan wanda bai rasa kowa ba, kuma daga gidan shugaba take so. Ta tambayi Dinatu ko a gidan Kansila kai ɗaya ne.

Dinatu ta zo ta same ni ina tsince wake. Ita kaɗai ce a mata ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin ɗankwalina, don haka ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Na ce mata a'a, ban kuma ɗago ba. Hannun da ya rufe mana ruwa har yarinyar ta mutu, shi zai warware abin da ta bar mini? Dinatu ba ta ja ba, ta taya ni tsintar waken muka gama, ta tafi.

Malam Nura ya riga ya duba maganar, ya ce babu laifi mace ta buɗe kanta a gaban Tani muddin mata sun kewaye da zannuwa, maza na mutane da na birai sun ja baya. Hanya ta buɗe ke nan, saura ni. Na jira Maigidan ya yi mini magana in samu wanda zan sauke wa fushina, amma bai yi ba. Daga baya na ji cewa a wajen taro an matsa masa ya umarce ni, ya miƙe ya ce su zaɓi wani kansilan, shi ba zai tambaye ni wannan ba. Mutumin da ke son kujerar nan kamar ransa.

Wata safiya na fito na tarar da Maigidan a tsakar gida yana shirin ƙaura, ya kifa tsohuwar kurarmu ta ruwa, yana ɗaure tayarta da tsumman roba. Ya jera tukwanena a gefe, manya a ƙasa ƙanana a sama, yadda nake jera su. Turmin ma ya mirgino shi kusa da kayan.

Na ce, "Malam, turmin nan fa?"

Ya ce, "Na san kina hawa. Na ce ko a can ma kya so ki gan shi."

Ban san ya sani ba. Na mayar da turmin jikin katanga, na hau, na daɗe ina kallon gwabar nan. Da na sauko na ce ya mayar mini da tukwanena, ya je ya kira mini Dinatu.

Da hantsi muka tafi. Matan unguwa, Musulmi da Kirista, suka kama bakin zannuwa suka yi da'ira a ƙofar gidan rijiya, kowacce ta juya fuskarta waje. Ni da Dinatu muka shiga, Tani tana zaune a ƙasa tana jira. Ta rame fiye da yadda na san ta, furfurar ta hau har kafaɗa. Na zauna na ba ta baya, na kwance ɗankwalina. Tsoro nake ji, da ƙiyayya, ba zan ɓoye ba.

Ba ta taɓa ni nan da nan ba. Na ji numfashinta a wuyana, sannan yatsa ɗaya mai kauri ya bi layin kitson daga goshi har tsakiya, a hankali. Ta tsaya ta yi magana da hannu.

Dinatu ta ce, "Indo, tana tambaya wa ya yi miki wannan. Ta ce mai hannun ta iya."

Na ce 'yata ce, ta rasu. Tani ta zagayo gabana ta tsuguna. Ta kama kunnenta na hagu ta ja shi sau biyu, ta dafa ƙirjinta, sannan ta nuna ni ta jira. Dinatu ta yi ƙasa da murya ta ce wannan jan kunnen sunan ɗanta ne, haka suke kiransa don yana yawan yi tun yana jariri. Ta faɗa mini nata, tana jiran nawa.

Na buɗe baki na ce "waccan", na ji kalmar ba ta isa ba. Na dubi Dinatu ko za ta faɗa a madadina, ta kau da kai. Tani ba ta motsa ba, idonta yana kaina.

Na ce, "Nafisa."

Ban taɓa jin yadda yake a bakina ba, ashe suna ne mai daɗin faɗa. Na sake faɗa, sai kuka ya zo, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ita don kunyar mutane. Tani ta jawo kaina ta kwantar a cinyarta, ta fara tsifa daga ƙeya. Kan da ya yi watanni a cukurkuɗe, ba ta tsinka mini gashi ko ɗaya ba. In ta warware layi sai ta ɗan dakata, kamar tana ba ni lokaci in yi sallama da shi. Da ta gama ta juya mini bayanta, na sa yatsuna cikin furfurar nan ina bi sili-sili, ina jin jikinta yana saki. Muna cikin haka na ji ƙarar ƙyaure, can kuma na ji ruwa yana zuba a bokitin wani.

Da na dawo gida na tarar da tukwanena sun koma mazauninsu. Maigidan yana zaune a bakin ƙofa, ya tambaye ni ko da zafi. Na ce a'a, hannunta da sauƙi, amma Nafisa ta fi ta iyawa. Ya ɗago ya dube ni, don bai taɓa jin sunan daga bakina ba. Sai ya cire hularsa ya rufe fuskarsa da ita, sanƙon yana waje kowa na gani, bai damu ba.