Kantoma Tsakanin Azahar da La'asar

A shekarun da soja suka dawo mulki, lokacin Argungu da Birnin Kebbi duk a ƙarƙashin Sakkwato suke, akwai wani malamin gona a Argungu da ake kira Malam Riskuwa. Dogo ne siriri, yana da jan babur wanda manoman fadama ke gane ƙararsa tun daga nesa. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana bin gonakin shinkafa da lambunan albasa, daga Argungu har Augie, yana nuna wa mutane lokacin dashe da yadda ake zuba taki. Ba a taɓa jin ya karkatar da buhu ko ɗaya ba, kuma waɗanda suka shiga aiki bayansa duk sun wuce shi.

Matarsa Sauda ita ce abokiyar zamansa tun yana saurayi. 'Yarsu ɗaya, Laure, ta yi aure a Augie, gida ya koma su biyu. Sauda turara shinkafa take yi tana sayarwa, kuma mata har daga wasu unguwanni suke aikowa saboda tata ba ta karyewa. Sai dai shekara biyu kafin wannan labari idonta ya fara dushewa daga gefe. Da suka je asibiti a Sakkwato, likita ya ja Riskuwa waje ya gaya masa hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai jinkirta abin, amma ba zai hana ba.

Sauda ba ta zauna ba. Gidan ƙasa ne da suka gina ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ta san shi da tafin ƙafarta. Ta san inda ƙasa ta ɗan gangara kusa da randa, ta san tushen darbejiyar da ke tuntuɓe baƙi. Da yamma in ya dawo ya jingine babur, sai ta ce, "To, Malam, mi ka gani yau?" Shi kuwa ya zauna ya zayyana mata: ruwan gulbi ya kawo gindin giginya, shinkafar wane ta fara ciki, an ga farar balbela ta cika fadama.

A wannan shekara Babbar Salla ta faɗo cikin damina. Al'adarsu ce washegarin yanka su tafi Birnin Kebbi gaida yayan Riskuwa, Alhaji Usmanu, ɗan kasuwa a unguwar Nassarawa. Suka ɗaure cinyar rago a bayan babur, Sauda ta hau ta riƙe gefen rigarsa, suka kama hanya cikin sanyin safiya, ko'ina kore shar.

A zauren Alhaji Usmanu suka tarar da baƙo, farar mota ƙirar fijo tana ƙofar gida. Abdussamadu ne, wanda suka yi makarantar midil tare da Riskuwa a nan Birnin Kebbi, yanzu kuwa babba ne a sakatariyar Sakkwato. Sauda ta shige cikin gida wurin mata. Aka kawo soyayyen nama da fura, aka taɓa hirar da, ta malamin lissafin da ke dukan su da rula da kuma ranar da suka gudu wanka gulbi. Can sai Abdussamadu ya ajiye ludayi.

"Riskuwa, ba yawon Salla kaɗai ya kawo ni ba. Ana naɗa kantomomi a ƙananan hukumomi. An ce a nemo mutanen da hannunsu ke da tsabta, ni kuwa na ba da sunanka. An amince. Can gabas ne, tahiyar yini guda daga nan. Bayan hutu ka zo Sakkwato ka amshi takarda."

Alhaji Usmanu ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Gidanmu bai taɓa ganin irin wanga ba."

Riskuwa ba zai yi wa kansa ƙarya ba, daɗi ya ji. Ya daɗe yana rubuta takardu a kan madatsar ruwa da rabon taki, ana jefa su cikin durowa. Yanzu shi za a riƙa kawo wa takardun.

"Sauda fa?" ya ce a hankali.

"Mi ya samu Sauda?" in ji yayansa. "Ta zauna ɗakinta. A samo mai yi mata hidima, kai kuma kana leƙowa. Ko ka tahi da ita."

Riskuwa ya san ba ta tafiya. A sabon gida, cikin mutanen da ba ta san muryarsu ba, za ta zama kamar kayan da aka ajiye. Suka yi sallar azahar, Abdussamadu ya fita gaida surukansa ya ce zai dawo bayan la'asar, Alhaji Usmanu ya shiga ciki. Hadari ya haɗu amma bai zubo ba, iska ta tsaya cak. Riskuwa ya kishingiɗa a kan tabarma, nauyin nama da fura ya danne shi, ido ya rufe.

Sai ya gan shi a bayan mota, tuta na kaɗawa a gaba. Babbar riga ce a jikinsa mai aiki har ƙasa. Ya ga ofis mai labule da fanka, mutane jere a kan benci tun safe suna jiransa. Ya ga kansa tsaye a bakin wata madatsa da aka gama, ruwa na bin magudanai zuwa gonaki, wani tsoho ya kama hannunsa yana kuka yana sa masa albarka. Ya ga motocin taki suna sauke kaya a gaban manoma, kowa na karɓar nasa ba a ture shi ba. A mafarkin ya san shekara uku ke nan yana kan kujera, kuma ya san ya yi aiki. Wani sanyi ya ratsa shi wanda bai taɓa ji ba.

Daga nan sai ga shi a hanyar Argungu, ranar Salla ce, an taho da shi gida. Direba ya tsaya a ƙofar wani gida na bulo mai fenti shuɗi da ƙyauren ƙarfe. Da ya tambaya, aka ce ai gidansa ne, shi ya aiko aka rushe na ƙasa aka gina wannan. Ya shiga. An sare darbejiya, an shafe tsakar gida da siminti sumul. Babu murhun turara shinkafa, babu ƙamshinta.

Ya sami Sauda a wani babban falo, zaune a gefen kujera mai laushi, hannuwanta a kan cinya. Atamfa ce mai tsada a jikinta. Akwatin talabijin na ta surutu a gabanta. Ta yi ƙiba irin ta wanda ba ya motsi. Jin takun takalmi sai ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Wa ake nema?"

"Ni ne, Sauda."

"Af, kai ne. Yi haƙuri, ban san takun wanga takalmi ba."

Ya zauna kusa da ita yana jira ta tambaye shi abin da ya gani a hanya. Ba ta tambaya ba. Ya ce ko ta zagaya da shi ya ga gidan, sai ta yi murmushi.

"Ban san shi ba, Malam. Da aka gama gini idon ya riga ya tahi. Inda aka aje ni nan nike yini. Amma an ce yana da kyau."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka leƙo aka ce manyan gari sun cika ƙofar gida, kuma dole a koma kafin duhu saboda gobe akwai taro. Ya ji kansa yana cewa, "To, ina zuwa." Ya ga ƙafafunsa sun miƙe suna fita da shi, yana son ya tsaya sun ƙi.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Rigarsa ta jiƙe da gumi, ruwan sama ya fara dukan kwanon zaure. Ya zauna yana kallon tabarma da ƙwaryar fura da ƙudaje suka rufe. Ya yi alwala, ya yi salla, ya daɗe a zaune bayan sallama. Sa'annan ya aika a kira masa Sauda soron ciki.

Ta fito tana bin bango da yatsu, domin gidan ba nata ba ne. Tun kafin ya yi magana ta riga shi.

"Labari ya iso ciki, mata har sun fara guɗa. Allah ya sanya alheri, Malam."

"Ni kam ba ni amsa."

Ta tsaya. "Ba ka mi?"

"Ba ni amsar aikin."

"Don ni?" Muryarta ta tashi, ta kuma sassauta don kada a ji. "Malam, kada ka yi min haka. Shekara nawa kana cewa da za a ba ka dama? Ga ta ta zo. So kake a riƙa nuna ni ana cewa ga makauniyar da ta tare wa mijinta hanya?"

Wannan ne karo na farko da ya ji kalmar a bakinta. Ya kama hannunta, abin da bai taɓa yi ba a gidan mutane.

"Likita ya ce min saura shekara biyu, ko uku in an yi sa'a. Ban gaya miki ba. Ina son abin da ya rage miki na gani ki gan shi ina nan."

"Na sani," in ji ta. "Ina bakin ƙofa sa'ad da yake gaya maka. Kunnena lahiya lau yake." Ta zare hannunta ta goge fuska da gefen mayafi. "Kai dai ka cika taurin kai. Ni ban sa ka ba, ka shaida."

"Na shaida."

Da Abdussamadu ya dawo, Riskuwa ya yi masa godiya sosai, ya ce a ba wani. Abdussamadu ya dube shi ya dube shi, ya ce irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Riskuwa ya ce ya sani. Alhaji Usmanu kuwa tashi ya yi ya kakkaɓe riga ya shige gida, ko sallama bai yi musu ba da za su tafi. Suka jira ruwa ya tsagaita, suka hau babur. Sai da suka kusa gari Sauda ta ɗan matso, ta ce ya rage gudu, tana son ta ga hasken ruwan fadama kafin rana ta faɗi. Ya tsaya a gefen hanya ya kashe babur, suka tsaya nan har aka fara kiran magariba.

An ba wani mutum kujerar, ya yi shekarunsa ya sauka. Riskuwa ya ci gaba da bin gonaki. Wani lokaci in mota mai tuta ta wuce shi a hanya ta watsa masa ruwan kwata, yakan ji abin ya soke shi, ya yini ba walwala. Madatsar da ya yi ta rubutu a kanta ba a gina ta ba a zamaninsa, kuma wannan ya dame shi har ya tsufa. Idon Sauda ya kai shekara uku da 'yan watanni. A cikinsu ta ga jikanta na fari, ta ga bikin kamun kifi sau biyu daga bakin gulbi, ko da yake a na biyun inuwar mutane kawai take gani, shi ke gaya mata wanda ya fito da babban giwan ruwa. Bayan nan duhu ya rufe, amma ta ci gaba da turara shinkafarta, da hanci da yatsu take gane ta yi.

Alhaji Usmanu ya yi kusan shekara biyu ba ya taka Argungu. In sun je gaisuwa, amsawa yake a taƙaice. Sai wata rana da rani, lokacin cire albasa, ya zo sayen kaya a kasuwa, ya ce wa direbansa su biya gidan ƙanensa. Ya yi sallama bai ji amsa ba, ya leƙa. Sauda na zaune a kan kujera 'yar tsugunne, zazzaɓi ya hana ta aiki kwana biyu. Ƙanensa kuwa, mutumin da ya kusa zama kantoma, ya naɗe hannun riga yana durƙushe gaban murhu da muciya, hayaƙi na sa shi hawaye.

"Tuƙa daga ƙasa, Malam," Sauda ke cewa. "Ina jin ƙauri. Ka bari ya kama."

"Bai kama ba."

"Ya kama. Rage wuta."

Alhaji Usmanu ya yi gyaran murya. Riskuwa ya ɗago, ya rasa inda zai sa muciyar. Sauda ta gyara mayafi ta ce, "Maraba da Yaya. Ka zo daidai, yau ƙanenka ke ciyar da mu."

Aka shimfiɗa masa tabarma. Tuwon ya yi gudaji, ƙasansa ya ƙone, miyar kuka gishiri ya yi mata yawa. Alhaji Usmanu ya wanke hannu ya kai loma, ya tauna a hankali yana kallon ƙasa.

"Riskuwa," ya ce, "Allah ya taimaki mutanen gabas da ba ka je ba, in haka kake gudanar da aiki."

Sauda ce ta fara dariya, har tari ya kama ta. Alhaji Usmanu ya miƙa kwano aka ƙara masa, ya aika a gaya wa direba ya shigo ya ci, don ba yanzu za su tafi ba.